Matar Bango

Ni na shafe bangon nan, kada ku tuhumi kowa.
Jika ashirin aka ba ni, da hula mai tambari,
da galan uku na fenti.
Bangon Inna Tsahara ne, a Garin Malam,
inda take shanya kalwa tun ban san dama da hagu ba.

Suka ce in zana mace tana dariya,
haƙora cike da baki, babu giɓi,
tukunya a gabanta, ɗan dunƙule tsakanin yatsu.
Na zana. Har yau hannuna bai sake yin irinta ba.

Fentin kuwa ruwan ɗorawa ne.
Inna ta tsaya ta dube shi, ta gyara ɗaurin zane,
ta ce: Mato, sun ari rigar uwar
sun zo korar ɗiyar.
Na yi dariya. Kuɗi na ɗumi a aljihuna.

Kafin damina biyu faifanta ya daina ƙarewa.
Yara suka ce daddawa wari gare ta,
amare suka ce batso na ƙauye ne.
Wata rana na leƙa madafarta
na ga takardu masu walƙiya cikin toka.
Ba ta ce komai ba. Ni ma haka.

A garin nan famfo kan kwana tara bai yi ko tari ba,
'yan ga-ruwa na hawa da sauka tsakanin duwatsu,
amma motar lemo
ba ta taɓa ɓatan hanyar Damagaram ba.
Sun ba lakwal ɗinmu ƙwallo da riguna sha ɗaya,
ni na rubuta godiya a ƙofar, da manyan baƙaƙe.
Jikan Inna, ɗan shekara bakwai,
ya san sunan kwalba shida, bai san tsamiyar biri ba.

Sai ƙafafunta suka kumbura.
Takalmi ya ƙi, kai ya yi nauyi, dare ya zama na fitsari.
A asibiti muka zauna tun hantsi kan benci.
Wani saurayi mai jaka da ƙamshin turare
ya wuce mu duka, ya shiga ba sallama,
ya fito hannu sake.
Da layi ya zo kanmu na karanta ɗakin, sana'ata ce:
suna ɗaya a kan agogo, a kalanda,
a jikin biron da Likita Maniru ya rubuta mana da shi.
Ban ce mugu ba ne. Idonsa ja ne don gajiya.
Hawan jini, in ji shi, da sukari. A rage gishiri.

A farmasi suka ce jika sha takwas, kowane wata.
Na lissafa: bango guda, saura jika biyu.
Na gangara Kasuwar Dole
wurin yaro mai tire a ka,
ƙwayoyinsa sun sha rana har sun koɗe,
ya ce duk ɗaya ne, Baba, kwali kawai ake saya.

Shekaranjiya farar mota ta dawo.
Direban dai shi ne, mai giɓin nan,
takardar ce ta sake launi.
Yanzu magani za a zana, a rabin bangon da ya rage:
mace tana dariya, ƙwaya tsakanin yatsu.
Wanda ya sayar da dami, ya dawo da maganin ciwon wuya.
Na ce nawa? Ya ce ashirin da biyar.
Na ɗauko tsani.

Inna na zaune a ƙasa, ƙafa bisa kujera 'yar tsugune,
tana kore ƙuda da tsohon faifanta.
Inda fenti ya ɓare, in aka yi yayyafi,
ƙasar bangon har yanzu daddawa take ƙamshi.
Ta daɗe tana kallon matar farko,
shekara tara ba ta rame ba, ba ta kumbura ba.
Ta ce: Mato,
wai ita wannan, me take ci?